'Yardada da Wutar Injin Motarta

Duk wanda ya daɗe a Madabo ya san 'Yardada mai alkaki. Wanda bai san fuskarta ba ma ya san motarta, wata ƙaramar mota ruwan toka 'yar Kwatano da kullum ake gani a bakin titi, gaban shagon wani tela, saboda lungun gidansu ko kurar ruwa da ƙyar take juyawa a ciki.

Sunanta na yanka Hauwa'u, amma ba kowa ne ya san haka a unguwar ba. Kakarta ta wajen uwa, wadda kowa yake kira Dada, ita ta yaye ta, ta kuma riƙe ta har aure, sai sunan ya bi ta. Mahaifinta baduku ne a Kasuwar Kurmi, yana ɗinka gafaka da kuben wuƙa. Sana'arta kuwa a gaban murhun Dada ta koye ta: alkaki da nakiya da dubulan, kayan garar amare. Tsohuwar nan ba ta yarda a ce mata abu ya lalace haka kawai. In alkaki ya sha mai ko ya ƙi tashi, sai an zauna an gano dalili, ko alkamar ce ba ta ɓarzu daidai ba, ko kwaɓin ne bai yi tsami ba, ko wuta ce ta yi yawa. Da wannan hali 'Yardada ta tashi, kuma girma bai rage mata shi ba.

Mijinta, Malam Garba, malamin firamare ne, mutum mai sanyin magana. Da ya yi ritaya ya sayi motar nan, kuma rabin aikinta kai kayan matarsa ne. Zai jera bokitan alkaki a but da kujerar baya, ya kai Gwammaja, ya kai Hotoro, ya dawo yana ba ta labarin yadda aka yaba. Haka suke har ya yi 'yar gajeruwar jinya, Allah ya karɓi abinsa.

Tana cikin takaba motar tana zaune a lulluɓe da tamfol. Aiki bai tsaya ba, don 'yarta Bahijja takan zo daga gidan mijinta a Goron Dutse ta kama mata, sai dai kai kaya ya koma hannun 'yan adaidaita sahu. Alkaki kuwa ba ya son jijjiga. Wata rana wata uwar amarya ta bugo mata waya, cikin ladabi dai, ta ce rabin bokiti ɗaya ya iso kamar garin kwaki. 'Yardada ta ba ta haƙuri, ta sake yi mata wani, amma abin ya tsaya mata a rai.

Da ta fita takaba sai ƙaninta Sabo, mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ya zo gaishe ta. Bayan an yi wa mamaci addu'a ya kawo maganar da ta kawo shi.

"Yaya, motar nan a sayar da ita tun ba ta lalace a zaune ba. Yaran nan maza duk ba sa gari, Bahijja kuma tana gidan wani."

"Wa ya ce maka zama za ta yi?"

"To wa zai ja ta?"

"Ni."

Sabo ya yi dariya har ya dafa bango, sai da ya lura shi kaɗai yake yi sannan ya gimtse. A lokacin ta ba wa hamsin baya.

Wanda ya koya mata tuƙi shi ne Malam Isyaku, tsohon bakanike, aminin marigayin tun ƙuruciya. Garejinsa yana gindin wata darbejiya a ƙasan Goron Dutse, kuma tun zamanin da Fijo take cika titi yake kwance inji yana ɗaurawa. An san shi da kunne. Mota za ta wuce a titi ya ce wannan gobe za ta zo neman bakanike. Da sassafe, kafin ya buɗe gareji, yakan kai ta wani filin ƙwallo, ya jera duwatsu ya ce ta bi tsakaninsu. Motar ba ta da kuloci, wannan ya sauƙaƙa. Ta taka duwatsun nan har ya daina ƙirgawa, ta taɓa shiga ragar 'yan ƙwallo da baya, amma ba ta taɓa cewa yau ta gaji ba. Da ta gama ta je ta yi lasisi kamar kowa.

Tuƙinta irin nata ne. Hannu biyu a sitiyari, mayafi a ɗaure ta yadda ba zai kare mata madubi ba, ba gudu, ba yawan oda. 'Yan adaidaita sukan leƙo su ce, "Hajiya, a ɗan taka mana!" Sai ta ɗaga musu hannu su wuce. Alkakinta ya koma isa gidan biki lafiya, kowane a naɗe yadda ya fito daga kasko.

Ta haura shekara a haka kafin wutar ta fara. Ran nan ta ɗauko buhun alkama da na sukari daga kasuwa, ta biyo ta hawan da yake gefen Goron Dutse don ta leƙa Bahijja, sai ta ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gabanta, kusa da allurar mai. Siffarta kamar kan famfon ruwa. Motar ba ta tsaya ba, ba ta yi hayaƙi ba. Duk da haka ba ta wuce garejin Malam Isyaku ba.

Ya leƙa ta taga, ya gyara tabarau.

"Au, wannan ce? Cek injin ake ce mata. Motocin zamani ne, Hajiya, akwai su da ƙorafi."

Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya ce inji lafiya lau. Ya cire kan batir, ya jira kaɗan, ya mayar. Da aka tada motar babu wuta. Ta yi godiya ta tafi.

Kafin mako ya zagayo wutar ta dawo. Wannan karon Malam Isyaku ya kwance fulogogi, ya ga sun yi fari fiye da yadda ya saba gani, ya ce ai sun tsufa, ya sa sababbi. Ya sake cire kan batir. Wuta ta mutu, ta kwana biyu, ta dawo. Ya ce wataƙila mai ne mara kyau, ta daina sayen na 'yan bumburutu ko da layi ya kai ina. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa saye a galan ba, amma ta canza gidan mai. Aka yi juyen baƙin mai, aka sa sabuwar matatar iska. Duk lokacin da aka taɓa wani abu sai wutar ta ɗauke, 'Yardada ta fara sakin jiki, sannan wata rana tana tsakiyar titi ta ga ta dawo tana kallonta.

Ana cikin haka Sabo ya zo karɓar dubulan na sunan jikarsa, ya tarar da ita a bakin titi ta tada motar tana kallon gabanta.

"Yaya, wai har yanzu wutar nan ce? Rabin motocin garin nan da ita suke yawo. Zo ki gani."

Ya ja ta zuwa tasa motar, ya nuna mata wani ɗan baƙin salatif da ya manna a gilashin gaban sitiyari.

"Tun bara. Ina zuwa kasuwa, ina dawowa. Akwai ma masu cire ƙwan gaba ɗaya."

"To da ka rufe ta, abin da take faɗa ya warke?"

"Ba ta faɗar komai. Wuta ce kawai."

"Sabo, wanda ya ƙera motar nan bai sa mata wuta don ado ba. Kai in taka ta mutu a hanya, ka tura ta gefe ka hau acaɓa. Ni da bokitin mutane goma a baya ina zan kai su?"

Ba taurin kai kaɗai ba ne. Ta riga ta lura da abubuwan da ba ta gaya wa kowa ba tukuna. In ta tsaya a danja, sitiyarin yakan yi wata 'yar rawa a hannunta da da can ba ya yi. Mai kuma ya fara saurin ƙarewa. Wanda yake kai ta Juma'a yanzu Laraba yake barin ta.

Da ta koma gareji da wannan bayani, Malam Isyaku ya daɗe a tsaye kan injin yana goge hannu da tsumma.

"Hajiya, gaskiya zan gaya miki. Kunnena ya kai iya inda zai kai. Motar nan akwai kwamfuta a cikinta, ita take kunna wutar, kuma ba da ni take magana ba. Cire kan batir da nake yi mantar da ita kawai nake, in ta sake ganin abin sai ta tuna. Akwai wani a Ƙofar Ruwa, Mikail, aikinsa ke nan. Mu je tare, ni ma ina so in ga abin da ya gagare ni."

Mikail magidanci ne da ya kusa arba'in, siriri, mai ɗan gemu. Lantarki ya karanta a makarantar koyon sana'a, ya fara da gyaran wayoyin mota, daga baya ya sayi na'urar bincike ya koyi karanta ta. Shagonsa ɗan ƙarami ne a tsakiyar masu sayar da kayan gyara. Ya gaida Malam Isyaku har da rusunawa, ya kawo wa 'Yardada kujera, ta ce a'a, tana so ta ga abin da za a yi.

Ya durƙusa ya jona wata waya a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar, mai kamar babbar wayar hannu, ta yi ɗan tunani ta fito da rubutu.

"Me ta ce?" in ji 'Yardada.

"Ta ce iska ta fi mai yawa a cikin injin. Kin ga, Hajiya, inji yana cin mai ne haɗe da iska, kuma akwai awonsu. Idan iska ta yi yawa, sai kwamfutar ta dinga ƙara mai don ta daidaita. Shi ya sa kike ganin mai yana gudu. In ta ƙara har ta gaji, sai ta kunna miki wuta."

"To daga ina iskar take?"

"Wannan ne ba ta faɗa. Takan nuna maka unguwa ne, gidan kai za ka nema."

Ya ce abin da ya fi yawan jawo haka shi ne wata 'yar na'ura da take auna iskar da ke shiga, sansa suke ce mata, in ta yi datti sai ta dinga ba da awon ƙarya. Ya kwance ta, ya nuna musu ƙurar da ta kama, ya fesa mata wani ruwa daga gwangwani, ya bari ta bushe, ya mayar. Sannan ya danna na'urarsa wutar ta mutu.

"Ki je ki yi ta hawa. In ta dawo, ki dawo. Abu ɗaya kawai: muddin wutar a tsaye take ba ta ƙyaftawa, za ki iya lallaɓawa zuwa gareji. Ranar da kika ga tana ƙyaftawa, ki gangara gefe ki kashe motar, ki kira ni."

Wannan karon ta ɗan daɗe ba ta kama ba, har Bahijja ta fara yi wa uwarta barka. A tsakanin ne aka kawo mata wani babban aiki. Wata tsohuwar mai sayen alkakinta da aure ya kai Bichi za ta aurar da autarta, ta ce ba ta yarda da alkakin kowa ba sai na Madabo, kuma tana so 'Yardada ta zo da kanta ta ci biki. Ba ta taɓa fita wajen gari da motar ba, amma ta amsa. Ta je ta ɗauko alkama da sukari da jarkokin man gyaɗa, mota ta cika har ta ɗan zauna. Tana hawa gadar sama, ta taka totur, sai ga wutar.

Washegari da safe tana shagon Mikail, Malam Isyaku yana gefenta. Na'ura ta maimaita abin da ta faɗa a baya. Mikail ya sosa ƙeya.

"To wataƙila sansar ce ta mutu gaba ɗaya. Sai mu sa wata mu gani."

"Dakata, Malam Mikail," in ji ta. "Mu gani ɗin nan na sha shi. Kafin a sayi komai bari in gaya muku abin da na lura da shi. Wutar nan ba ta taɓa kamawa ina tafiya ni kaɗai a miƙaƙƙen titi ba. Ranar farko da kaya nake, a hawan Goron Dutse. Jiya da kaya nake, a kan gada. Na tuna sauran ma, duk ko hawa ne ko lodi. Kuma in na taka da ƙarfi ina jin wani siririn fito daga gaba, kamar buta ta fara tafasa. Ina sakin ƙafa sai ya ɗauke."

Malam Isyaku ya juyo da sauri.

"Fito? Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Da na ɗauka kunnena ne. Jiya na sauke gilashi na tabbatar."

"Shi ya sa," in ji shi. "Ni kullum tana tsaye nake saurarenta."

Mikail ya ce to a gwada a gani da ido. Buhunan suna nan a but ba a sauke ba. Ya zauna a gaba da na'urarsa a cinya, Malam Isyaku ya zauna a baya ya sauke gilashi, ita tana tuƙi. A miƙaƙƙen titi lambobin da yake kallo suna zaune daidai. Da suka iso hawan Goron Dutse ya ce ta taka sosai. Ta taka. Lambobin suka yi tsalle, kuma su ukun duka suka ji fiton, siriri, daga ƙarƙashin bonet.

"Sansa lafiyarta ƙalau," in ji Mikail. "Iska ce take satar shiga ta wani wuri bayan an riga an auna. Akwai ɓula."

Garejin Malam Isyaku ne kusa, nan suka gangara. Suka bi duk tiyon da ke kan injin da hannu da tocila. Babbar tiyon roba mai lanƙwasa-lanƙwasa, wadda take kai iska daga matata zuwa cikin inji, suka matsa ta, suka duba, ba su ga komai ba. Rana ta fara zafi. Mikail ya miƙe yana share gumi.

"A manyan gareji akwai injin hayaƙi. Sai a kashe mota a tura hayaƙi cikin hanyar iskar, duk inda ɓula take sai ya fito a gan shi. Ni ban kai ga saya ba. Wasu da taba suke busawa, ni kuwa ba na sha, Baba Isyaku ma na san ba ya sha."

"Hayaƙi kawai ake nema?" in ji 'Yardada. "Kowane iri?"

"In dai fari ne mai kauri."

"Ku jira ni."

Gidan Bahijja ba nisa. Ba a daɗe ba sai ga ta ta dawo, Bahijja tana biye da ita da kaskon garwashi, ita kuma riƙe da kwalbar turaren wuta, irin mai kyau da ake ajiyewa don baƙi. Malam Isyaku ya yi dariya har da tari. Mikail bai yi dariya ba, ya riga ya fara neman gwangwani.

Ya samo tsohon gwangwanin fenti mai murfi, ya huda shi wuri biyu. Ya sa doguwar tiyo a huda ɗaya, ya sa bakin famfon keke a ɗayar. Ya ce sai inji ya huce tukuna, kuma gwangwanin can nesa da mota za a ajiye shi, don garwashi da fetur ba sa zama kusa. Suka yi azahar, suka dawo. Ya toshe bakin hanyar iskar da leda, ya cusa tiyon. 'Yardada ta zuba garwashi a gwangwanin da kanta, ta barbaɗa turare ba ƙyashi, aka rufe. Bahijja ta kama famfo tana bugawa a hankali.

Gareji ya gauraye da ƙamshi. Masu wucewa suna waiwaye, wani mai shayi ya ɗaga murya yana tambayar ina amaryar. Amma a kan injin babu abin da ya fito. Aka ƙara turare, aka ƙara bugawa. Shiru. Mikail ya fara girgiza kai.

Malam Isyaku ne ya tsaya yana kallon injin kamar yau ya fara ganinsa.

"Ta ce sai a hawa, sai da kaya. A hawa inji yana yunƙurawa ne, yana karkata. Bahijja, kar ki daina."

Ya ɗauko dogon ƙarfe, ya sa a gefen injin, ya danna. Injin ya ɗaga ya karkata fiye da yadda ya kamata, har da ɗan ƙara. A daidai lokacin sai wani siririn farin hayaƙi ya ɓullo daga ƙarƙashin babbar tiyon nan, daga cikin lanƙwasa, ya miƙe sama kamar zare.

"Ga shi nan!" in ji 'Yardada. Ita ta fara gani.

Malam Isyaku ya saki ƙarfen, hayaƙi ya ɗauke. Ya sake dannawa, ya dawo. Da aka kwance tiyon aka juya ta, sai ga tsaga a ƙasa, a ɓoye cikin lanƙwasar, wadda in ba ka ja robar ba ba za ka ce akwai ta ba. Sannan tsohon ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito da bayanin sauran. Ɗaya daga cikin robobin da injin yake zaune a kansu ta yage. Duk lokacin da aka taka da ƙarfi sai injin ya karkata, ya ja tiyon, tsagar ta buɗe, iska ta shiga. Ana sakin ƙafa sai ta rufe bakinta.

"Da tiyon kaɗai muka canza," in ji Mikail, "da sabuwar ma haka za ta tsage."

Ba su yarda a liƙe da gam ba. Mikail ya koma Ƙofar Ruwa ya zaɓo tiyo mai kyau da robar zaman inji, Malam Isyaku ya ɗaga injin ya sa. Washegari da hantsi aka tada motar. 'Yardada ta dafa sitiyari, ta ji shi shiru a hannunta. Amma wutar tana nan.

"Ba ka goge ba," ta ce wa Mikail.

"Da gangan, Hajiya. Mun sha goge ta tana dawowa. In na goge yanzu ba mu san ko mun gyara ko mun sake mantar da ita ba. Kwamfutar tana gwada kanta duk lokacin da kika hau. In ta yi tafiya da yawa ba ta ga matsala ba, da kanta za ta kashe. Wannan ce shaidar da nake so."

"Ke nan da wuta zan tafi Bichi?"

"Da ita za ki tafi. Na yarda da aikinmu."

Ta dubi Malam Isyaku, ya gyaɗa kai.

"Ni ma na yarda," in ji ta. "Na ga hayaƙin da idona."

Kwanakin da suka biyo na suya ne. Gidan ya cika da mata masu naɗi da masu tsoma alkaki a ruwan sukari da tsamiya. Sabo ya leƙo ya ji labari, ya je ya duba motar, ya dawo yana murmushi ya ce har yanzu dai ga ta nan a kunne, kuma motar tana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya ce ko ya nemo mata direba. Ta ce ya nemo mata igiya dai ta ɗaure bokitai.

Ranar tafiya suka fita da safe ita da Bahijja, mota cike har bakin gilashi. Ta bi hannunta a hankali, tana barin manyan motoci su wuce. Duk inda hanya ta ɗan hau sai ta sauke gilashi ta taka, ta kasa kunne. Babu fito. Bahijja ce take ta satar kallon wutar.

"Umma, har yanzu fa tana nan."

"Na gani. Ki kalli hanya ki gaya min in akwai rami."

Sun isa kafin azahar. Aka sauke kaya, uwar amarya ta buɗe bokiti na farko a gaban dangin ango, ta ɗaga alkaki guda ɗaya sama ta ce a gani. Suka ci biki, suka juyo da la'asar sakaliya don kar magariba ta yi musu a hanya. Har suka shigo gari wutar ba ta mutu ba, kuma 'Yardada ba ta kira kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya za ta kai dubulan Gwammaja, ta murɗa makulli. Fitilun gabanta suka kama gaba ɗaya kamar yadda suka saba, suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan jira. Babu wadda ta rage. Ta ce alhamdulillahi, ta sa giya. Da ta sauke kayan ta zagayo ta garejin Malam Isyaku, ba ta ko fito ba, ta kira shi ya leƙa. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ciro waya ya kira Mikail, yana magana da ƙarfi kamar Ƙofar Ruwa wata ƙasa ce. Ta miƙa masa leda biyu ta alkaki, ɗaya tasa, ɗaya ta ce a kai wa iyalin Mikail.

Tun daga nan ta daina ƙin aikin wajen gari. Ta je Wudil, ta je Gwarzo, ta taɓa kaiwa har Rano da damina. Motar ba sabuwa ba ce, takan nemi wannan ta nemi wancan, ana yi mata.

Kwanan baya na wuce ta filin ƙwallo da safe na hangi motar tana tafiya tana tsayawa kamar mai shaƙuwa. Da na matso sai na ga ba 'Yardada ce a sitiyari ba. Uwa ce, maƙwabciyarta mai ɗinkin zannuwan gado, wadda ɗanta ya aiko mata da mota daga Fatakwal ta rasa mai ja. Ta ƙanƙame sitiyari, idonta a waje. 'Yardada tana gefe, gwiwar hannu a kan taga, ko a jikinta.

"Uwa, ɗaga ƙafarki daga birki. Babu kowa a gabanki sai akuya, ita ma ta gan ki."